Ingilishin kasuwa da na allo: nazarin ƴan littattafan koyon kalmomi a Gaya

Duk wanda ya ratsa kasuwar Gaya ko tashar motocin Kamba ba zai rasa cin karo da wasu ƴan littattafai masu arha ba, waɗanda ke alkawarin koya wa mutum Ingilishi cikin sauƙi. Tsarinsu ɗaya ne: kalmar Ingilishi a hagu, fassararta ta Hausa ko ta Faransanci a dama, shafi bayan shafi. Ƴan kolej na sayensu, direbobi da masu canjin kuɗi ma haka. Bukatarsu kuwa ta ƙaru tun da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaukaka Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ya kamata ke nan malamai su dubi waɗannan littattafai da idon basira.

Sai mu fara da yaba musu. Sun isa inda ƙamus bai isa ba, kuma sun cire wa talaka tsoron harshen baƙi. Amma aibinsu babba ne: sun ɗauka mai koyo farin allo ne, kuma kowace kalma ma'anarta ɗaya tak. A Gaya duka biyun ba gaskiya ba ne.

Garin yana bakin kogin Kwara, gada ce kawai tsakaninsa da Malanbil ta Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuwa tafiyar ɗan lokaci ce. Yaron da ya tashi a nan cikin Dandanci da Zabarmanci da Hausa ya riga ya sha Ingilishi bai sani ba. Kafin ya shiga ajin farko na kolej, inda ake soma koyar da harshen, bakinsa ya saba da birki, fasinja, direba, kwastan, caji da canji. Wannan jari ne da littattafan suka yi biris da shi.

Sai dai jarin yana da ƙaya, domin kalmar aro ba ta cika zama inda aka ajiye ta ba. Mota ta fito daga "motor", amma ga Bature wannan kalma injin take nufi fiye da abin hawan. Kanti daga "canteen" yake, wato ɗakin cin abincin ma'aikata ko sojoji, Bahaushe ya mayar da shi shagon sayar da kaya. Likita asalinsa "doctor", ga shi a Nijar ana cewa an kwantar da wane a likita, ana nufin asibiti. Biro ya fi su ban sha'awa: a Kamba abin rubutu ne, a Gaya kuwa ofis ne, saboda Faransanci ya ba da tasa. Ɗalibin da ya dogara ga kamannin sauti zai yi kuskure yana ganin daidai yake, kuma jerin kalmomi ba zai gargaɗe shi ba.

Tarko na biyu Faransancin makaranta ne ya ɗana shi. Ɗalibi ya ga "library" sai ya tuna da shagon sayar da littattafai, alhali ɗakin karatu ake nufi. Ya ga "actually" sai ya fassara ta da "a halin yanzu", alhali ma'anarta "a gaskiya". Na uku shi ne Ingilishin kan iyaka. Wanda ya ji ana neman "dash" a bakin shinge ya san kyauta ake roƙo, amma a takardar jarrabawa kalmar na nufin rugawa da gudu, ko ɗan layin da ake ja a rubutu. Ba laifin Buroka ba ne, harshe ne mai biyan bukatar miliyoyin mutane. Laifin na littafin da bai gaya wa mai karatu wace ma'ana ce ta kasuwa, wace ce ta aji ba.

Abin takaici shi ne an daɗe da nuna hanyar gyara. Ƙamus na Bargery na 1934 bai tsaya ga fassarar kalma da kalma ba, yakan kawo jimloli da bambancin karin harshe. Na Roxana Ma Newman na 1990, daga Ingilishi zuwa Hausa, ya rarrabe ma'anonin kalma ɗaya tare da misalai, har ya nuna wasu kalmomin da suka keɓanta ga Hausar Nijar. Abdou Mijinguini ma ya yi wa Hausa da Faransanci hidima da Ƙaramin Ƙamus ɗinsa. Masu haɗa ƴan littattafan kasuwa sun ɗebi fassara daga irin waɗannan ayyuka, suka bar misalai, wato sun ɗauki ƙaiƙayi sun zubar da tsaba.

Me ya rage ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu? Da farko, malamin Ingilishi ya soma darasi daga kalmomin da yara suka zo da su daga gida, ya sa su tattaro na tasha da na kasuwa, sannan a bi kowace zuwa asalinta. Na biyu, kada a koyar da kalma ita kaɗai sai cikin jimla. Na uku, ƙungiyoyin Dosso da na Kebbi za su iya haɗa kai su wallafa ɗan littafi mai harsuna uku wanda zai ware shafuka na musamman ga kalmomi masu yaudara. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga 2019 zuwa 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 2023, sun tsayar da manyan motoci amma ba su tsayar da kalmomi ba. Tun da za su ci gaba da ƙetarowa, aikin malami ne ya tare su a bakin aji, ya tambayi kowace daga ina ta fito da abin da ta ɗauko.