Kunnen Bakanike

Ƙarar injin babur maƙaryaciya ce. Ƙarfe ne haɗe da ƙarfe, don haka abin da ya saki a saman silinda sai ka rantse daga ƙasa yake kuka. Shi ya sa rabin bakanike ke saurin cewa, "Alhaji, sai an sauke inji." Gwani kuwa ba ya ɗaukar sifana tukuna. Tambaya yake fara yi: "Da sassafe take yi, ko sai ka yi nisa? A tsaye, ko sai ka ɗauki kaya? Yaushe rabonka da juye baƙin mai?"

Kowace amsa tana rage masa waɗanda ake zargi. Ƙwanƙwasar da ke tashi da sanyin safiya, ta lafa idan inji ya ɗau zafi, yawanci fistin ne ke wasa a cikin silinda. Zafi na buɗa shi ya cike gurbin, sai ya yi shiru. Wadda ba ta lafawa, mai nauyi, daga can ƙasa, tana ƙaruwa idan an murɗa totur, ita ce mai sa ya ɓata rai, domin boris ɗin kwanrod take nunawa, kuma aikin kuɗi ne. Akwai kuma wata siririyar ƙara da ba ta fitowa sai an hau tudu da buhu biyu a baya. Wannan sau da yawa ba laifin ƙarfe ba ne, gurɓataccen mai ne, irin wanda akan ci karo da shi a kwalaben bakin titi.

Sannan ya tayar da babur ya bar shi a sulo. Ya ɗauko doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a murfin bawul, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, kamar likita da abin sauraren ƙirji. Ya runtse ido. Ya matsar da ita jikin silinda, ya gangara murfin kuloci. Ba ƙarfin ƙarar kaɗai yake bi ba, har da saurinta. A irin waɗannan injuna, sai karanshaf ya juya sau biyu kowane bawul ke buɗewa sau ɗaya, saboda haka tik-tik ɗin da ke tafiya a rabin saurin inji daga sama take, tafet ne ya buɗe. Tazarar da ake saitawa a wurin ba ta kai milimita ɗaya ba ko kusa, amma kunnensa ya san lokacin da ta zarce. Daga nan ya matse hannun kuloci. In ƙarar ta ɗauke cak, ya kama ɓarawonsa ba tare da ya kwance noti ko ɗaya ba.

Ya kuma san irin injin da yake saurare. Honda CG125, wanda ya fito a 1975, da 'yan'uwansa na Sin da suka kwaikwayi injinsa, ba su da sarƙar taimin. Sanduna ke tura bawul ɗinsu, an ƙera injunan ne don ƙasashen da ba a cika kula da canza mai ba. Bajaj Boxer kuwa yana da sarƙar, kuma idan ta saki takan yi shar-shar a gefe guda. Wanda ya je neman sarƙa a cikin CG zai sha wahalar banza, kuma mai babur ne zai biya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ya raina ƙananan abubuwa. Kafin ya yanke hukunci sai ya bubbuga murfin salansa da tafin hannu, ya girgiza murfin sarƙa, ya gwada notukan da ke riƙe da inji. Hanyoyinmu masu ramuka sun iya kwance su, kuma noti ɗaya da ya saki na iya kwaikwayon injin da ya kusa bugawa.

In duk wannan bai gamsar da shi ba, sai ya ce wa yaronsa ya kawo roba. Ya juye man, ya fita da shi rana, ya murza tsakanin yatsu biyu. In ya ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a ciki, a lokacin ne yake cewa, "Maigida, yanzu kam sai an buɗe."