Jinjina ga Makanikan Giya na Gaya

Motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano kan haye gadar Malanbil su shigo Gaya, da yawansu masu giya atomatik. Daga Tanda har Kamba, akwai makanikan da suka cancanci yabo, domin ba sa zuba wa giya kowane mai.

Gwani yakan zaro sandar awo, ya duba launi, ya sansana. Ja garau lafiya lau. Baƙi mai ƙauri ya ƙone. Ya san Toyota T-IV ko WS take sha, Honda DW-1, giyar CVT kuwa manta daban, kuma man da bai dace ba yana sa giya fizga.

Mai mota, tuntuɓi irin wannan gwani kafin ka sayi galan.