Ɗauke Wuta da Lalacewar Fayil: Nazarin Zaɓen Tsarin Ajiyar Kwamfuta a Yankin Dutsin-Ma da Kurfi

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, a garin da dama yake da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, sana'ar kwamfuta ta zauna da gindinta a wannan yanki. Masu buga takardu, masu yi wa ɗalibai rajistar JAMB da WAEC da NECO, masu tura waƙoƙi da finafinai a memori, masu ɗaukar bidiyon biki, duk abincinsu a cikin fayil yake. Mutumin Shema ko na Kurfi da ya shigo gari don a buga masa takardar neman aiki, shi ma amanarsa a can take kwana. Dukkansu kuma kukansu ɗaya ne: fayil ya ƙi buɗewa, filash ya ce sai an yi masa fomatin, kundin ɗalibi na shekara guda ya koma wasu alamomi marasa kan gado. Hukuncin da aka saba yankewa a shago bai wuce biyu ba: ko a ce bairos ne, ko a ce filash ɗin jabu ne. Duka biyun akwai su. Amma akwai dalili na uku da ba a cika ambatawa ba, wato yankewar wuta a daidai lokacin da kwamfuta take rubutu, a kan tsarin ajiyar da ba a gina shi don jure hakan ba.

Wutar yankin tana ƙarƙashin KEDCO tun 2013, ko da yake bakin jama'a bai daina cewa NEPA ba. A watan Oktoban 2024, lalacewar manyan layukan da ke kawo lantarki Arewa ta bar jihohi da dama, har da Katsina, cikin duhu fiye da mako guda. Sai dai irin wannan dogon duhu, duk da ya tsayar da sana'a, ba shi ke cin fayil ba, domin kwamfutar da ke kashe ba ta ɓata komai. Haɗarin yana cikin ƙiftawar ido: lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakar aiki, lokacin sauyawa daga NEPA zuwa janareta, lokacin da man injin ya ƙare ya yi tari ya mutu, ko aka kawo wuta mai rauni da ke sa na'ura ta kashe kanta ta sake tashi.

Abin da ke faruwa idan an adana fayil

Mai aiki yana ganin adana fayil abu ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta aƙalla ayyuka uku ne. Tana rubuta ainihin bayanan a wani gurbi na faifai, tana sabunta lissafin guraben da aka cike da waɗanda ke fili, sannan tana shigar da sunan fayil da girmansa da wurin da yake. Tsarin fayil shi ne ƙa'idar da ke tafiyar da waɗannan. Kamar babban sito ne da magatakardarsa: buhuna suna ciki, amma littafin ne kaɗai ya san na wane ne kowane buhu da kusurwar da aka jingine shi. Idan fitila ta mutu bayan an shigar da kaya ba a kai ga rubutawa ba, kayan sun zama marasa mai su. Idan kuma an rubuta ba a kai ga shigarwa ba, littafin ya yi ƙarya.

Akwai ƙarin matsala. Domin sauri, kwamfuta ba ta kai komai faifai nan take. Tana riƙe shi a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda ke gogewa da zarar wuta ta yanke. A Linux, wannan riƙo kan kai kimanin daƙiƙa 30. Saboda haka abin da allo ya nuna an adana, yana iya kasancewa bai isa faifai ba tukuna.

FAT: tsarin da ya fi yawa a aljihun jama'a

Microsoft ne ya ƙirƙiro FAT a 1977 don ƙananan faya-fayai na wancan zamani. FAT32 ya fito a 1996, exFAT kuma a 2006. Kusan duk filash da memori da ake sayarwa da ɗayan biyun nan suke zuwa: katin da bai wuce gigabait 32 ba yakan zo da FAT32, wanda ya fi haka kuma da exFAT. Farin jininsu yana da dalili. Waya da talabijin da rediyon mota da lasifikar mai shayi duk suna karanta FAT32, don haka mai tura finafinai ba shi da wata mafita.

Rauninsu shi ne ba su ajiye shaidar aikin da suka fara ba su gama ba. Idan wuta ta yanke a tsakiya, lissafi ya saɓa da abin da ke ƙasa, kuma babu mai faɗa wa kwamfuta inda aka tsaya. Dole manhajar gyara ta chkdsk ta bi faifan gaba ɗaya tana laluben gutsattsari. Duk mai gyaran da ya taɓa ganin jakar FOUND.000 cike da fayiloli masu ƙarewa da CHK ya ga sakamakon: ragowar aikin mutane ne da aka tsinto ba suna. Daga fitowar Windows 10 ta ƙarshen 2018, Microsoft ya rage riƙe bayanan filash a ƙwaƙwalwar wucin gadi, abin da ya rage haɗarin cire shi ba sallama. Amma hakan bai ceci fayil ɗin da ake tsakar rubutawa ba.

Babban kuskuren da ya zama al'ada a tsakanin ɗalibai shi ne yin aiki kai tsaye a kan filash. Ɗalibi zai buɗe kundinsa daga filash a shago, ya gyara, ya adana a nan, kuma wannan ne kaɗai kwafin da ya mallaka a duniya.

Tsarin da ke rubuta niyya kafin aiki

Maganin farko da masana suka kawo shi ne a sa tsarin ya rubuta abin da zai yi a wani ƙaramin littafi na musamman kafin ya taɓa babban lissafi. Idan wuta ta dawo, sai ya duba littafin: aikin da aka rubuta cikakke ya ƙarasa shi, wanda aka bari a rabi ya watsar. Cikin 'yan daƙiƙoƙi na'ura ta tashi. Haka NTFS yake aiki tun fitowarsa tare da Windows NT a 1993, kuma shi ne a kan kusan kowace kwamfutar Windows a yau. A Linux, ext3 ya ɗauki wannan dabara a 2001, ext4 ya gaje shi a 2008. XFS, wanda kamfanin Red Hat ya mayar tsarinsa na asali a 2014, shi ma a wannan layi yake.

Amma a nan ne ake yawan ruɗewa. Abin da littafin ke karewa shi ne lissafin faifai, ba lallai abin da ke cikin fayil ba. Kwamfuta za ta tashi lafiya, jakunkuna suna nan daram, amma babin da aka gyara a mintin ƙarshe yana iya ɓacewa. A 2009 masu amfani da ext4 sun yi ta kokawa cewa bayan na'ura ta mutu ba shiri, wasu fayiloli suna komawa fanko. Theodore Ts'o, jagoran masu kula da tsarin, ya bayyana cewa manhajojin ne ba sa umartar a kai bayanai faifai kafin su sauya sunan fayil. Duk da haka an yi gyara a Linux 2.6.30 don toshe kafar. Ana iya sa ext4 ya shigar da bayanan kansu cikin littafin, amma kuɗinsa shi ne a rubuta komai sau biyu, aiki ya yi nauyi.

Tsarin da ba ya rubutu a kan tsoho

Dabara ta biyu ta fi zurfi. Maimakon a goge tsohon bayani a ɗora sabo a gurbinsa, sai a rubuta sabon a wani fili daban, a gama tsaf, sannan a karkata alama zuwa gare shi a taki ɗaya. In wuta ta yanke kafin wannan taki, tsohon yana nan cikakke. In bayansa ne, sabon ya kammala. ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005, shi ne jagora a nan. Btrfs, da aka fara a 2007, ya bi sahu, har Linux ɗin Fedora ya ɗauke shi tsarinsa na asali a 2020. APFS na Apple da ya fito a 2017 shi ma haka yake.

ZFS da Btrfs suna da ƙarin fa'ida: kowane guntun bayani yana da lambar tantancewa, don haka idan faifai ya ɓata wani abu a ɓoye, za su gane. Idan akwai faifai biyu masu ɗauke da abu ɗaya, sai su gyara ɓataccen daga mai lafiya. Suna kuma iya ajiye hoton yadda faifai yake jiya ko makon jiya, a koma masa in an yi ɓarna. Sai dai ZFS yana son ƙwaƙwalwa mai yawa da mai kula da ya san shi, kuma masu gina Btrfs da kansu sun yi gargaɗi a kan amfani da shi a tsarin haɗa faya-fayai na RAID 5 da 6, saboda abin da yankewar wuta kan iya haifarwa a wurin.

Inda ikon tsarin fayil ya ƙare

Duk waɗannan dabaru sun dogara ne da gaskiyar faifai: idan ya ce ya rubuta, to ya rubuta. A 2013 masu bincike daga Jami'ar Jihar Ohio da HP Labs a Amurka sun gwada faifan SSD 15 ta hanyar yanke musu wuta ana tsakar rubutu. 13 daga ciki sun nuna matsala, daga ɓatan bayanai har zuwa mutuwar faifai ɗungurungum. SSD na manyan cibiyoyi yana da abin riƙe ragowar wuta da ke ba shi damar ƙarasa rubutu, amma na kasuwa mai araha galibi ba shi da shi. A 2014 kuma masana daga Jami'ar Wisconsin sun binciki manhajoji 11 sanannu, suka gano kafofi 60 da mutuwar na'ura kan iya ɓata bayanai ta cikinsu. Ke nan tsaro sarƙa ce mai ɗauri uku: manhaja, tsarin fayil da faifai. Tsarin fayil ɗaya ne kacal daga ciki.

Zaɓin da ya dace da nan

Ma'aunin da ya kamata a ƙara a kan na masana shi ne: wa zai gyara in abu ya lalace? Yawancin masu gyara a Dutsin-Ma da Katsina, har zuwa kasuwar Farm Centre ta Kano, Windows suka fi sani. Tsarin da ya fi kowanne ƙarfi a takarda, in babu mai iya ceto shi a kusa, ya zama wahala. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mai shagon buga takardu ya bar aikinsa a kan NTFS, ya kwafo fayil ɗin kwastoma daga filash zuwa kwamfuta kafin ya taɓa shi, ya mayar bayan an gama. Ya kuma rage tazarar adanawa ta atomatik a Word daga minti 10 da take zuwa da shi zuwa 2 ko 3. Faifan waje da ake tara bidiyon biki a ciki a mayar da shi NTFS, tunda FAT32 ma ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4. Mai Linux a makaranta ko ƙaramin ofis ya tsaya a ext4 yadda ya zo. ZFS a kan faifai biyu na cibiyar da ke riƙe da sakamakon jarrabawa ko bayanan marasa lafiya ne, matuƙar tana da ma'aikacin da ya ƙware. FAT32 da exFAT kuwa na kai saƙo ne, ba na ajiya ba.

Batir ya fi dukkan waɗannan tasiri. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ba ta ma san an ɗauke wuta ba, shi ya sa a yankin nan ta fi ta tebur aminci. Ta tebur tana buƙatar UPS, ko inbata da sola, ba don a ci gaba da aiki ba, sai don a samu mintunan adanawa da kashewa cikin tsari. Zafin Maris zuwa Mayu yana gajarta ran batir, don haka a riƙa gwada UPS lokacin da ba a aikin komai. Sannan kowane muhimmin fayil ya kasance a wuri uku: kwamfuta, faifan waje, da wani wuri da ba shagon ba, ko da imel ne mutum ya tura wa kansa.

Babu tsarin fayil da zai dawo da abin da bai isa faifai ba. NTFS da ext4 sun isa su tayar da na'ura lafiya bayan ɗauke wuta, ZFS ya isa ya tona ɓarnar da ta ɓuya, amma aikin mintin ƙarshe batir ne ke tsare shi, na shekara guda kuma kwafi. Ɗalibin da kundinsa ke kan filash ɗaya tilo ya kwafe shi yau.