Dattawan da Ke Riƙe da Kufan Alƙalawa

Baƙon da ya je Alƙalawa yau, a bakin Gulbin Rima, tudun ƙasa da gonaki zai fara gani. Sai wani dattijo ya shige gaba da sandarsa, ya nuna inda ganuwa ta bi da inda sarakuna ke kwance, sannan birnin ya bayyana. Nan fadar Gobir ta kasance tun zamanin Sarki Babari, nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, nan kuma aka kashe Sarki Yunfa a 1808.

Waɗannan dattawa sun cancanci jinjina. Kowace damina ruwa na cin ƙasa, ciyawa na rufe kushewa, su kuwa su nome, su share, su tsawata wa yaron da garmarsa ta matso kusa. Sunayen sarakuna a ka suke riƙe da su, daki-daki, yadda suka ji a bakin kakanninsu. Bagobirin Sabon Birni da na Isa da na Tsibiri a Nijar, duk da iyakar da Turawa suka shata, wurinsu suke zuwa tambayar asali.

Ga abin kwatance: a Indiya, kogunan dutse 34 na Ellora sun haɗa wuraren ibadar Hindu da Buda da Jain a jere, an kuma sa su cikin kayan tarihin duniya tun 1983. Can dutse aka sassaƙa, ga ma'aikatan gwamnati na gadi. Alƙalawa da laka aka gina ta, laka kuwa ba ta jure damina ɗari biyu. Abin da ya rage na birnin, galibinsa a bakin dattawan nan yake.