Kiɗan Sussuka: Sharhi a Kan Faifan Master of Puppets

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan tauri ranar Sallar Gani a Daura ya san akwai kiɗan da ba don kunne ya huta ake yin sa ba, sai don jini ya motsa, tsuma ta tashi. To, Turawa ma suna da irin nasu, wanda suke kira tirash metal. Mu a nan za mu kira shi kiɗan sussuka, domin da sussuka kalmar take da dangantaka a harshensu, kuma haka yake fita: duka a kan duka, kamar taɓare goma a turmi ɗaya.

Faifan da masana wannan kiɗa suka fi jinjina wa shi ne Master of Puppets na ƙungiyar Metallica ta Amurka, wanda ya fito ranar 3 ga Maris, 1986. Ma'anar sunan ita ce mai riƙe da igiyar 'yan tsana. Samari huɗu ne suka yi shi, ba wanda ya kai shekara 25: James Hetfield mai waƙa da jita, Kirk Hammett mai jita, Lars Ulrich mai ganguna, sai Cliff Burton mai jitar nan mai kaurin murya. Sun tsara waƙoƙin a wani gareji a jihar Kalifoniya, sannan suka tafi birnin Kopenhagen na Denmark, inda suka zauna da mai ɗaukar sauti Flemming Rasmussen daga Satumba zuwa Disambar 1985. Wata huɗu ke nan a kan waƙa takwas! Mu da muka saba da Shata, wanda kan zuba waƙa nan take a gaban jama'a, sai mu ga kamar ɓata lokaci ne. Amma abin da mai sauraron farko ke ɗauka hauka ne, a aune yake. Hetfield kan kaɗa layi ɗaya sau da yawa, a ɗora wannan bisa wancan, kuma dole kowane bugu ya faɗi daidai kan ɗan'uwansa, in ba haka ba sautin ya dagule.

Jigon faifan guda ne, wato mallaka: yadda mutum kan wayi gari wani ke juya shi. Tun daga bango aka faɗe shi, inda aka zana kaburbura jere, kowanne da igiya, wasu hannuwa daga sama suna riƙe da su. A waƙar da faifan ya ci sunanta, wadda ta haura minti takwas, ƙwaya ce da kanta take magana da mashayinta, tana nuna masa ita ce ubangidansa. Wannan dabara ta burge mu, domin ba a tsaya yi wa yaro nasiha ba, an bar maƙiyin ya yi kirarin kansa. Malamin sakandaren da ya ga abin da kodin ya yi wa ɗalibai kafin gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018 ba ya bukatar tafinta a nan. Sauran waƙoƙin kuwa sun bi igiyar zuwa wasu hannuwan: matashin soja da manya suka tura ya mutu, majinyacin da aka kulle a gidan mahaukata, da mabiyan mai wa'azin da ke tatsar aljihunsu.

Inda muke da ja shi ne wajen salo. A wurinmu kiɗa yaron waƙa ne. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yakan faɗi maganar da za ta kwana a zuciyar ɗan kaye da direba, saboda kalma ce a gaba. A wannan faifai kuwa kiɗan ya danne maganar, har Bature ma kan nemi rubutun kafin ya gane wasu baitoci. In ka raba baitocin da kiɗan ka karanta su a takarda, wasu ba su da nauyin da za su tsaya da ƙafarsu. Ta mai wa'azin nan musamman, duka ce kawai ba azanci. Abin mamaki, wurin da faifan ya fi ratsa jiki shi ne "Orion", inda ba a furta kalma ko ɗaya ba, aka sassauta gudu, jitar Burton ta yi ta magana a hankali. Wata shida da 'yan kwanaki bayan fitowar faifan, ranar 27 ga Satumba, 1986, motar ƙungiyar ta kife a ƙasar Suwidin, Burton ya mutu yana da shekara 24.

Karɓuwar faifan za ta tuna wa marubutanmu wani abu. Manyan gidajen rediyo ba su kula shi ba, ƙungiyar ba ta yi masa bidiyo ba, kuma ya fito ne bayan da wasu iyaye a Amurka suka kai ƙarar irin waɗannan waƙoƙi gaban majalisar dattawa a 1985, suna cewa suna ɓata tarbiyya. Duk da haka ya kai na 29 a jerin Billboard, matasa suna miƙa wa juna kaset hannu da hannu, kamar yadda littattafan soyayya suka yaɗu a nan a shekarun 1990 ana yi musu laƙabin Adabin Kasuwar Kano. Zuwa 2003 ya kai kwafi miliyan 6 a Amurka, a 2016 kuma ɗakin karatu na majalisar ƙasar ya sanar da adana shi cikin kayan tarihi, na farko a irin wannan kiɗa.

Sai dai mu a ganinmu, masu suka da masu yabo duk ganga suka ji, ba su ji gargaɗin ba. Na farko sun ji ƙara sun ce shaiɗanci, na biyu sun ji ƙara sun yi tsuma. Laifin kuma ba na masu sauraro kaɗai ba ne. Wanda ya sa wa muryar ƙwaya kiɗa mafi daɗi da ƙarfi a faifansa, kada ya yi mamaki in dubban samari sun ɗaga hannu suna yi mata amshi a filin wasa, ita da aka zo tona wa asiri. A 2022 wani shirin Netflix mai suna Stranger Things ya sa waƙar, ta shiga jerin waƙoƙi 100 na Billboard karon farko, bayan shekara 36. A cikin shirin, wani saurayi ne ke kaɗa ta don ya janye hankalin dodanni, ba kuma a ambaci abin da waƙar take faɗa ba.