Sharhi a Kan Ma'aunin Myklebust na Gane Yaran da Karatu Ke Yi wa Wuya

A shekarar 1971 wani masani na ƙasar Amurka, Helmer Myklebust, ya fito da wata takarda wadda malamin makaranta zai cika a kan kowane yaro, domin a gane tun da wuri waɗanda karatu ke yi wa wuya, alhali kuwa ba kurame ba ne, ba makafi ba, hankalinsu kuma daidai yake. Abubuwa 24 ne a cikinta, an kasa su kashi biyar: fahimtar abin da aka ji, da iya magana, da sanin lokaci da wuri, da sarrafa gaɓoɓi, da zama da jama'a. Malam yakan ba da maki daga 1 zuwa 5, watau 3 ita ce tsaka-tsaki.

Lalle dabarar tana da amfani, gama malamin da ya yi watanni tare da yaro ya fi baƙon da ya gan shi sa'a guda saninsa.

Amma fa akwai abin dubawa. Tara daga cikin abubuwan nan 24 a kan harshe suke, ba kuwa kowane yaro ne harshen gidansu ya dace da na makaranta ba. A 1969 William Labov ya nuna yadda yaran baƙar fata na unguwar Harlem sukan yi gum a gaban babba mai yi musu tambaya, amma in suna tare da tsararrakinsu sai zance ya ɓarke, da hujja da fasaha. To, wanne daga ciki malam zai rubuta? In aka kawo takardar nan makarantunmu haka za a yi, don yaron da aka hore shi da kunya, ya sunkuyar da kai a gaban manya, shi zai sami 2.

Na biyu, tsaka-tsakin nan na wa ne? Kowane malami da ajinsa yake gwadawa, saboda haka 3 ta wannan makaranta tana iya zama 2 a waccan. In kuwa sunan daƙiƙi ya bi yaro, da wuya ya rabu da shi.

Shawararmu ita ce a ɗauki ma'aunin nan matakin farko kurum. Duk yaron da makinsa ya yi ƙasa, a duba kunnensa da idonsa, a kuma saurare shi cikin harshen da ya tashi da shi, kafin a yanke masa hukunci.