Sorley da Waƙar da Ta Hana a Yi Wa Matattu Kuka

Ranar 13 ga Oktoba 1915, ana tsakiyar yaƙin Loos a arewacin Faransa, harsashin wani maharbin Jamus ya sami Kyaftin Charles Hamilton Sorley a ka. Shekarunsa 20 kacal. Ba a gano gawarsa ba har yau, sai dai sunansa da aka sassaƙa a bangon tunawa na Loos, cikin sunayen sojoji sama da 20,000 da ba su da kabari. A cikin kayansa da aka mayar gida ne aka tsinci wata waƙa mai layi 14, irin wadda Turawa ke kira sonet. Don ita muke tunawa da shi.

Mun saba da marsiyya mai yabon mamaci da rarrashin na raye. Wannan ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kawo wa mai karatu ayarin matattu cikin mafarki, sannan ta bi duk abin da zai so ya yi musu tana hana shi: yabo, hawaye, girmamawa, har alkawarin tunawa. Hujjarta ita ce, wanda ya mutu ba ya jin ko ɗaya daga ciki, don haka mai yi kansa yake wa. Jimlolin gajeru ne, kamar umarnin hafsa ga kuratansa, kuma nan ƙarfinta yake. Inda ta fi ciwo shi ne kusa da ƙarshe, lokacin da mai mafarkin ya hango fuskar da yake zaton ya sani, waƙar kuma ta hana shi ko wannan.

Sai mun ajiye ta kusa da waƙoƙin Rupert Brooke za mu gane da wa take jayayya. A 1915 Ingila ta rungumi Brooke, wanda ya nuna mutuwar soja a matsayin kyauta mai daɗin bayarwa. Sorley ya karanta shi, ya rubuta wa mahaifiyarsa cewa mutumin ya cika shagala da sadaukarwar kansa. Brooke ya rasu a Afrilun shekarar, ciwo ne ya kashe shi a jirgin ruwa, bai zauna a ramukan yaƙin Faransa ba. Sorley kuwa ya yi watanni a cikinsu.

Ba za mu ce duk abin da ya bari zinari ne ba. Littafinsa, Marlborough and Other Poems, da aka buga a Janairun 1916, yawancinsa aikin ɗan makaranta ne mai son gudu cikin ruwan sama a kan tuddai. Akwai basira, amma ba ta nuna ba tukuna. Ko sonet ɗin kanta ta ɗan yi sanyi a layinta na ƙarshe, inda ta koma ga tsohon salon ɗaukar mutuwa kamar wani babban sarki. Bayan layi 13 na magana tsirara, wannan rawanin bai zauna ba.

Wadda muke ganin ba a ba ta haƙƙinta ba ita ce "To Germany". Kafin yaƙi Sorley ya yi kusan wata shida a Jamus, a Schwerin da jami'ar Jena, ya koyi harshen, ya so mutanen, har aka ɗan tsare shi a Trier da yaƙin ya ɓarke. Ya koma gida ya shiga rundunar Suffolk, amma ya ƙi tsanar waɗanda zai harba. A waƙar ya ɗauki ƙasashen biyu a matsayin makafi masu faɗa da juna, ya kuma hango ranar da za su yi musabaha. Wanda ya rubuta wannan yana sanye da kakin Birtaniya, a lokacin da jaridun Landan ke kiran Jamusawa dabbobi.